Tsoron da Muke Saye da Kuɗinmu

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa. Maganata a yau a kan wasannin gem na ban tsoro ce, waɗanda a da sai mai PlayStation ko mai kwamfuta yake iya bugawa, amma yanzu sun shiga kusan kowace waya, har ta kai yaron da bai cika shekara goma ba ya san Granny, tsohuwar da take farautar ɗan wasa a wani gem na waya, kamar yadda mu muka san Dodo a tatsuniya. Ni ma na buga su, kuma na ji daɗinsu, saboda haka ba zan ce muku duk shirme ne ba, domin wanda ya faɗi haka bai taɓa zama ya lura da irin hikimar da aka zuba a cikin wasu daga cikinsu ba.

Ku ɗauki Resident Evil na farko, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1996 a ƙarƙashin jagorancin Shinji Mikami. An kulle ɗan wasa a wani katafaren gida a tsakiyar daji, gawarwaki suna yawo a cikinsa, amma abin da yake sa zuciya bugawa shi ne ƙarancin kayan aiki. Harsasai kaɗan ne, aljihunka kaya shida ko takwas kawai yake ɗauka gwargwadon wanda ka zaɓa ka buga da shi, kuma ko ajiye inda ka kai a wasan ba ka da ikon yi sai ka samo zaren tawada ka kai shi ga tafireta, shi ma zaren a ƙirge yake. Wanda ya ƙarar da harsashinsa a kan gawar farko da ta tsorata shi, zai gamu da abin da ya fi ta yana hannu rabbana. Wasan yana hukunta gaggawa, yana saka wa mai tattali da mai lissafi, yana kuma tilasta maka ka yi tunani a daidai lokacin da jikinka yake cewa ka gudu. Wannan horo ne da ba na raina shi, ko da yake ba na cewa wanda ya iya shi a gaban talabijin lallai zai iya shi ranar da gobara ta tashi a unguwarsu.

Silent Hill kuwa, na kamfanin Konami, wanda ya fito a 1999, darasinsa daban ne. Na'urar wancan zamani ba ta da ƙarfin zana abin da yake nesa, sai masu wasan suka lulluɓe garin gaba ɗaya da hazo, irin wanda muke gani idan hunturu ya yi tsanani har mutum ba ya hango ƙarshen layinsu, ta haka suka mayar da gazawar na'ura ta zama ƙarfin wasan. Suka kuma ba ɗan wasa ƙaramar rediyo wadda take fara shuu idan wani abu ya matso, ka ji shi kafin ka gan shi, kuma Akira Yamaoka da ya tsara sautin ya san cewa kunne ya fi ido saurin kai tsoro ga zuciya. Silent Hill na biyu, na 2001, labarin mutum ne da ya samu wasiƙa daga matarsa wadda ya san ta rasu, ya tafi nemanta, a hankali sai ka gane cewa halittun da suke binsa nauyin laifinsa ne da nadamarsa. Mai hankali zai iya gama wannan wasa ya zauna shiru yana tunanin abin da mutum yake ɓoye wa kansa. A 2010 wani ƙaramin kamfani a Suwidin ya fitar da Amnesia, inda aka hana ka makami kwata-kwata, sai fitila da ɗan man da za ka yi ta tattalinsa, da neman wurin ɓuya.

Dalilin da ya sa muke komawa gare su a fili yake. Jiki yana ɗaukar barazanar da gaske, ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta yi sauri, tafin hannu ya yi gumi, alhali hankali ya san kana zaune a ɗakinku, kuma maɓallin tsayar da wasan yana ƙarƙashin yatsanka. A fim wani ne yake buɗe ƙofar kana kallo, a gem kuwa kai ne za ka buɗe ta da hannunka, shi ya sa tsoron ya fi shiga jiki, sauƙin da ake ji bayan an tsira ma ya fi daɗi.

To, amma masu irin wannan daraja ba su da yawa. Tun bayan da Five Nights at Freddy's na Scott Cawthon ya yi suna a 2014, masu kwaikwayo suka cika Play Store da wasannin da ba su da komai sai fuska mai muni ta faɗo maka tare da ƙara, a sake, a kuma sake, tsakanin kowace razana da 'yar uwarta kuma a saka maka talla ta cinye maka data. Razana da tsoro ba abu ɗaya ba ne, domin ko buga ƙofa da ƙarfi aka yi a bayanka za ka zabura, kuma babu wata fasaha a cikin hakan. Wasu kuma idan labari ya ƙare musu sai su cike gurbin da jini da yanka da azabtarwa. Ko manyan ma ba su tsira daga suka ba, domin Resident Evil na biyar da ya fito a 2009 an kafa shi ne a wani ƙirƙirarren gari a Afirka, aka nuna Bature yana harbe tarin baƙaƙen fata da cuta ta mayar dodanni, abin da ya jawo musu ce-ce-ku-ce tun daga tallan farko.

Sai kuma barci. An gina waɗannan wasanni ne don a buga su da dare, a kashe fitila, a toshe kunne da abin sauraro, kuma jikin da aka tayar masa da hankali ba ya sauka nan take don kawai ka kashe waya. Za ka kwanta ƙarfe biyu idonka biyu, motsin ɓera a rufi ya zama wani abu daban, Asuba ta wuce ka, ka shiga aji ko kasuwa kai a nauyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar buga gem a cikin jerin cututtukanta da aka amince da shi a 2019, kuma alamar da ta kafa ita ce mutum ya kasa sarrafa wasan, ya fifita shi a kan sauran lamuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, yawanci na tsawon shekara guda. Mafi yawanmu ba mu kai nan ba, amma hanyar daga irin waɗannan darare take farawa. Shawarata ita ce ku mayar da wasan zuwa rana ko farkon dare, ku bar tazara mai kyau tsakaninsa da kwanciya, wanda kuma yake da farfaɗiya ya ɗauki gargaɗin walƙiyar haske da ake rubutawa a farkon wasa da muhimmanci. Idan ka lura ka fara jin tsoron ɗakinka bayan ka ajiye waya, ka goge wasan, babu abin kunya a ciki ko da abokai za su kira ka matsoraci.

Abin da ya fi damuna, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, shi ne ƙannenmu. Yawancin manyan wasannin nan suna ɗauke da tambarin PEGI 18 na Turai, wato shekara 18 zuwa sama, ko harafin M na Amurka, wanda yake nufin shekara 17 zuwa sama, amma a gidajen gem na unguwanninmu ban taɓa ganin an tambayi yaro shekarunsa ba, a gida kuma mu da kanmu muke miƙa musu waya don su bar mu mu huta. Kai da kake bugawa ka zaɓi tsoron da kanka, ka san inda ƙofar fita take. Yaron da yake leƙe ta bayan kafaɗarka bai zaɓi komai ba, ba shi da maɓallin tsayarwa, kuma bai gama bambance abin da yake cikin gilashi da abin da yake bayan ƙyaure ba. Kada wani ya ce ai mu ma an tsorata mu da Dodo, domin kakar da ta ba da labarin tana zaune kusa da kai, Dodon ba shi da fuska sai wadda ka ƙirƙira masa daidai ƙarfin zuciyarka, kuma tana cewa ƙurunƙus magana ta ƙare. Masu kuma ɗora wa yaro waya da gangan don su yi dariyar ihunsa, har su ɗauke shi bidiyo su watsa a TikTok, su tuna hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, inda wasu sahabbai a tafiya suka ɗauke igiyar wani yana barci ya farka a firgice, Manzon Allah (SAW) ya ce bai halatta ga Musulmi ya firgita Musulmi ba.

Ina faɗin wannan ne da jin nauyi, domin ya faru a gidanmu. Ƙanena yana ɗan shekara shida ya tsaya a bayana wani dare ina bugawa, ban ma san yana wurin ba sai da na ji ya ja numfashi. Bai yi kuka ba a lokacin, amma makonni bayan haka ya ƙi zuwa banɗaki shi kaɗai da zarar an yi Magariba, yana farkawa da ihu cikin dare, har ya koma yin fitsarin kwance da ya daɗe da bari. Mahaifiyarmu ta ɗauka gamo ya yi, ta riƙa tofa masa addu'a tana turara ɗakin, ta aika aka karɓo masa rubutu, ni kuwa ina kallonta ina cin tuwo da bakina a rufe. Sai da aka yi kusan wata guda sannan na iya zama gabanta na ce, Umma, ni ne, a wayata ya gani.