Idan jirgi ya zo kwashe baƙi, ina direba zai nufa?

A shekarar 2012, da yaƙin Siriya ya yi ƙamari, kamfanin siminti na Faransa, Lafarge, ya kwashe ma'aikatansa 'yan ƙasashen waje daga masana'antarsa ta Jalabiya da ke arewacin ƙasar. Injuna kuwa ba su tsaya ba. 'Yan Siriya aka bari da aikin, suna ratsa shingayen 'yan bindiga safe da yamma, har mayaƙan ISIS suka ƙwace wurin a watan Satumban 2014. Daga baya asiri ya tonu cewa kamfanin ya riƙa biyan ƙungiyoyin ta'adda kuɗi don su bar harkarsa ta gudana. A watan Oktoban 2022 ya amsa laifinsa a wata kotun Amurka, aka ci shi tarar kusan dala miliyan 778.

An fi yayata maganar tarar. Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da aka yanke cewa wurin ya yi wa baƙo hatsari, amma bai yi wa ɗan ƙasa ba.

Ba na cikin masu cewa kada a je neman halak a ƙasar da ake yaƙi. Jama'ar can ma suna buƙatar likita da injiniya da mai gyara turakun sadarwa, kuma duk kamfanin da ya rufe, tukunyar gidaje da dama ce ya sauke. Sai dai Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. A bakin ƙofar ɗakinsa akwai ƙaramar jaka a ɗaure: fasfo, 'yan daloli, magani, wayar tauraron ɗan adam. Yana karɓar alawus na hatsari, an yi masa inshora har ta garkuwa da mutane, bayan 'yan makonni kuma a fitar da shi ya huta.

Dubi direbansa. Shi ya san shingen da ake rage fitila a kunna ta cikin mota tun daga nesa, shi ya san sojan da ake gaisarwa da wanda ba a haɗa ido da shi. Da ɗan gari akan ci gari, kuma duk kwangilar da baƙon ya sa wa hannu, wannan sanin ne ya kai shi wurin. Da magariba direban zai koma unguwar da kowa ya san yana yi wa baƙi aiki, ba katanga, ba mai gadi. Tafinta ma haka, akawu ma haka.

Mun ga yadda takan kaya a Kabul a watan Agustan 2021, inda aka kwashe mutum fiye da 120,000 ta jirgin sama, duk da haka aka bar ɗimbin waɗanda suka yi wa baƙi hidima a bayan katangar filin jirgin. A Khartoum, a watan Afrilun 2023, jami'an jakadanci sun fice sun bar 'yan Sudan da suka miƙa fasfo don neman biza cikin tsaka mai wuya.

Kamfanoni za su ce ba su da ikon ba kowa biza. Gaskiya ne. Amma biyan albashin watanni tun kafin bankuna su rufe yana hannunsu. Mayar da ma'aikaci da iyalinsa wani gari mai lafiya a cikin ƙasar yana hannunsu. Inshora iri ɗaya ga duk wanda ya shiga mota ɗaya ma yana hannunsu, haka nan dakatar da aiki a ranar da baƙi suka fice, tare da ci gaba da biyan mutane.

Shi kuwa mai shirin karɓar irin wannan aiki, kafin ya tambayi nawa ne alawus, ya nemi a nuna masa takardar tsarin kwashe ma'aikata, ya duba ko sunan direbansa yana ciki.