Ɓoye wayoyi ba shi ne tsaftar inji ba

Tun daren jiya nake danne zuciyata kada in yi rubutu cikin fushi amma abin ya ƙi. Motar ƙanina ce da aka ɓoye wa wayoyin inji wai don kwalliya, wayarta ta ƙone a hanya mahaifiyarmu Umma na ciki; waɗanda suka ga hoton da na saka da asuba sun san ta. Masu kira da masu turo saƙo na gode, Umma lafiyarta ƙalau, tana gida, sai dai firgita da ɗan tarin hayaƙin da ta shaƙa.

Abin da aka yi wa motar nan ɓarna ce. Ba gyara ba ne, ba kwalliya ba ce, ɓarna ce aka biya kuɗi aka yi. Honda Accord ce, wadda ake kira EOD, 'yar 2004 mai filogi huɗu, shekara shida tana hannuna ba ta taɓa kwana a hanya ba, na bar wa ƙanina ita ko wata huɗu ba a yi ba ya je ya kalli bidiyon nan da ake yawo da su a Instagram da TikTok, waɗanda za a ɗaga bonet ka ga inji zaune shi kaɗai fes kamar an ɗora shi a faranti, babu waya ko ɗaya, babu batir, babu roba. Shi ma wai haka yake so. Ya samu wani mai wayarin ya ce masa ai ƙaramin aiki ne, kwana uku an gama.

To ku ji ƙaramin aikin. An ciro akwatin fiyus daga inda kamfani ya ajiye shi an cusa shi can bayan dashbod inda hannu ba ya kaiwa. An yanka wayoyin inji an yi musu ƙari, murɗawa kawai aka yi aka naɗe da salatif, aka tura su ta cikin madigad. An mayar da batir but. An cire robar da ke ajiye rarar ruwan lagireto saboda wai ta yi jawur ta tsufa tana ɓata hoto. An cire akwatin filtar iska an maƙala wata buɗaɗɗiya mai launi. Har faifan ƙarfen nan da ke tare zafin bakin salansa an cire shi saboda ya yi tsatsa. Da ya kawo min ita yana murna yana cewa "Yaya duba ka gani", wallahi a ranar na ce masa wannan motar kada ka yi doguwar tafiya da ita. Bai ji ba, kuma ya ɗauki Umma zuwa biki Zariya.

A hanyar dawowa wajen Kwanar Ɗangora, tara ta wuce, fitilu suka ɗauke gaba ɗaya, warin ƙonewar roba ya cika mota, hayaƙi na fitowa ta ƙarƙashin kafet. Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san abu na farko a irin wannan hali shi ne ka cire kan batir. To ina batir? Yana but, a ƙarƙashin kuloli da buhun masara da jakunkunan biki. Sai da suka sauke kaya a bakin titi cikin duhu Umma na tsaye tana salati, wani direban babbar mota, Allah ya saka masa da alheri, shi ya tsaya da tocila da sifanarsa ya cire. Da safe da muka duba, katuwar wayar wuta da aka jawo daga but zuwa gaba an bi da ita ta wani rami da aka huda a jikin bodi, babu robar da za ta raba ta da ƙarfe, babu fiyus ko ɗaya a kusa da batir. Girgizar hanya ta yi ta gogar ta har ta feɗe ta, ta taɓa bodi. Batirin mota ɗaruruwan amfiya yake iya turowa lokaci guda, irin wutar da ake walda da ita ce, a gefen ƙafar mahaifiyarmu.

Shi ya sa nake ta maimaitawa, ɓoye waya daban tsafta daban. Duk abin da ka gani a fili in ka ɗaga bonet ba don injiniyoyin kamfani ba su san kyau ba ne suka bar shi a fili. Sun bar shi ne don a gan shi, a taɓa shi, a canza shi a bakin titi da dare. Fiyus ɗin naira ɗari biyu ya mutu, minti biyu ka canza, yanzu kuma sai an kwance rabin dashbod. Robar ruwan nan da aka raina, in inji ya yi zafi ruwa ya kumbura murfin lagireto yana sakin rarar ta shiga cikinta, in ya huce ya sake zuƙo ta. Ka cire ta, kullum ruwa na zuba ƙasa kaɗan kaɗan ba ka sani ba, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, rana ɗaya ka tsaya a gosulo gaskit ya ƙone. Buɗaɗɗiyar filtar nan kuma iskar cikin bonet mai zafi take shaƙa, ga ƙurar hunturu. Wayoyin sansa kuwa, wato ƙananan na'urorin da ke auna yanayin inji, ƙaramar wuta ce ke bi ta cikinsu, da yawa volt 5 ne daga burenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, wasu ma suna da rigar kariya ta musamman, ka yanka ka murɗa ka naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin, damina ta zo laima ta shiga, sai mota ta fara shaƙewa tana shan mai, fitilar inji ta kama, a saka kwamfuta ta ce sansa ce, a sayi sabuwa, matsala na nan, domin ciwon yana cikin madigad inda ba mai gani.

Tun safe wasu suke min rubutu wai ai motarsa ce kuɗinsa ne. Motarsa ce, amma titin ba nasa ba ne, kuma ba shi kaɗai ke shiga ba. Ranar da ta kama da wuta ba ta tambayi waye mai takardu ba. Wannan magana ku bar ta.

Wasu kuma sun ce ai BMW ma a but batirinta yake. Gaskiya ne. Amma je ka buɗe but ɗin BMW ka duba yadda aka yi. Akwai gurbi da aka ƙera masa a ɗaure tam, akwai siririn tiyo da ke fitar da iskar gas ɗin batir waje, wayar tana da hanyarta da robobinta tun daga kamfani, akwai ma abin da ke katse wutar kan batir da kansa in an yi karo, sannan sun bar maka wurin jona waya a gaba. Injiniyoyi sun zauna sun lissafa. Kada a haɗa min wannan da wanda ya ɗauki dirila ya huda bodi ya zura waya ya ce an gama.

Masu cewa ai Turawa na yi kuwa, su ne suka fi ɓata min rai don sun ga hoto ba su ga abin da ke bayansa ba. Eh ana yi. Masu tsofaffin Civic a Amurka sun daɗe suna yi, masu Golf a Turai ma haka, kuma in ka ga motocin da ake kaiwa baje kolin SEMA a Las Vegas duk shekara dole ka tsaya ka kalla, ni ma ina kallo, aiki ne na gwanaye. Amma waɗancan motocin nuni ne. Ana sauke inji gaba ɗaya, a yi waldar ramuka, a goge, a yi fenti, a ƙera sabon damin wayoyi tun daga farko da zanensa a takarda, kowace waya da lambarta, kowane haɗi an matse shi da kayan aikinsa. Wata da watanni ake yi. Da yawansu an cire esi, wasu har da na'urar ABS ta birki, wasu a bayan tirela ake kai su wurin taro a dawo da su a rufe da tamfol, mai ita yana da wata motar da yake zuwa aiki da ita. Kai kuma motarka guda ɗaya, da ita za ka kai yara makaranta, da ita za ka bi ramukan unguwa, da ita za ka ratsa ruwan damina da ke kwanciya a titi, sannan in ta lalace yaron gareji ne zai nemi waya a inda littafin mota bai ce tana nan ba.

Kuma don Allah kada wani ya fahimce ni a karkace. Ina son inji mai tsafta, ina sonsa ƙwarai, duk wanda ya san ni ya san ba na iya ganin bakin mai ya yi kaca-kaca a kan inji in yi shiru. Sha'awar ƙanina ba laifi ba ce, yaro ne mai son abinsa ya yi kyau, kuma tun jiya bai iya haɗa ido da Umma ba, abin ya taɓa shi sosai har ni ma tausayinsa nake ji. Hanyar ce aka ɓatar da shi. In kana son ka ɗaga bonet ka ji daɗi, fara da toshe yoyo, yawanci robar murfin saman inji ce ta bushe, canza ta. Samu tsumma da buroshi da sabulun cire maiƙo ka zauna ranar Asabar inji a sanyaye ka bi shi lungu lungu. Kan batir da ya yi fari ka wanke shi ka shafa masa ɗan giris. Maƙalan wayoyi da suka karye ka sayi wasu, robar da ke lulluɓe wayoyi in ta farfashe ka sa sabuwa, kowace waya ta koma kan hanyarta ta asali a ɗaure. Robar ruwa ta tsufa? Ana samunta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, sa wata, kada ka cire. Wallahi inji in an yi masa haka ya fi min kyau sau dubu, domin kana gani ka san mai shi yana kula da shi, kuma komai na inda hannu zai kai.

Yanzu ga shi sai mun nemo cikakken damin wayoyi na Beljiyam an mayar da komai mazauninsa, kuɗin ya ninka abin da aka kashe wurin ɓatawa.

Af, tunda maganar inji mai sheƙi ake, ku masu shirin sayen mota ku kula da abin da wasu dillalai ke yi. Kafin ka zo an kai ta wurin wanki an buga mata ruwa da injin matsi har cikin altaneto da ramukan kwayil, an fesa mata abin sa ƙyalli, duk inda mai ke yoyo an wanke shaidar. Ni in na je duba mota na ga inji ya cika sheƙi sai in ce a tayar a bar ta tana aiki minti 20 da esi a kunne, in shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta, in koma gefe in sha ruwa ina jira. Wanda na yi wa haka a watan jiya tun kafin minti 10 ya fara cewa wai yana da wani uzuri a cikin gari.