Bakano da Bazazzagi a Gidan Fatalwa na Titin Pearl

Bazazzagi ya kai wa abokin wasansa Bakano ziyara a birnin New York, inda Bakanon yake tuƙin tasi. Da yamma suka gangaro daga Bronx zuwa ƙasan Manhattan, suka tsaya a gaban wani tsohon ginin bulo mai lamba 54 a titin Pearl, wanda ake kira Fraunces Tavern.

BAKANO: To, Malam, ga gidan da na ba ka labari. An gina shi a 1719, zamanin da Turawan Ingila suke mulkin ƙasar nan, sannan a 1762 wani mai suna Samuel Fraunces ya saye shi ya mayar da shi mashaya. Mutane suna cewa da dare akan ji takun sawu a bene alhali babu kowa.

BAZAZZAGI: Haba bawana, gini mai shekara ɗari uku ne zai razana wanda ya tashi a gindin ganuwar Zazzau? Aljanun dutsen Kufena ma sai sun yi sallama kafin su gifta ta ƙofar gidanmu, balle fatalwar Bature wadda ko tsarki ba ta iya ba. Abin da ya dame ni ɗaya ne, kada wani ya gan ni a mashaya ya kai labari gida.

BAKANO: Abinci da ruwa za su kai mu, kuma saman benen gidan tarihi ne.

Suka hau bene, katakon yana ƙara a ƙarƙashin ƙafafunsu.

BAKANO: A ɗakin nan ne George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya yi ban kwana da hafsoshin sojansa ranar 4 ga Disamba, 1783, kwanaki kaɗan bayan sojojin Ingila sun kwashe komatsansu daga birnin. Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne, a gidan nan fataken New York suka kafa majalisar kasuwancinsu a 1768, domin wannan shi ake kira tarihi.

BAZAZZAGI: Wancan abin da aka rufe cikin gilashi fa?

BAKANO: Gashin kan Washington ne, ga kuma guntun haƙorinsa.

BAZAZZAGI: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Gashi da haƙori? Ai waɗannan kayan tsibbu ne, kuma duk wanda aka riƙe wa haƙori dole ya dawo nemansa, ko da daga kabari ne. Me ya hana ka faɗa mini tun muna waje?

BAKANO: Malam, sakar mini riga, shadda ce kuma ban gama biyan tela ba.

BAZAZZAGI: Kai nake tsarewa, domin na lura ba ka da ko laya ɗaya a jikinka. Ka ji wannan takun da yake biye da mu?

BAKANO: Takalminka ne ya ciro. Ni lissafi nake yi: fatalwa ba ta karɓar albashi, ba ta cin abinci, ba ta neman hutun salla, ga shi kuma tana jawo baƙi. Ga tsohon gidan kakana can kusa da kasuwar Kurmi yana zaune a banza, in na koma sai in samo Bazazzagi guda in lulluɓa masa farin zane ya riƙa tari a soro, ni kuwa ina bakin ƙofa ina yankar tikiti.

Suka sauko suka ci kifi da dankali. Bazazzagi ya share faranti biyu, yana cewa addu'ar da ya yi a sama ce ta ƙwaƙule masa ciki. Da ma'aikacin gidan ya ajiye takardar kuɗi, sai Bakano ya duba, gumi ya karyo masa.

BAZAZZAGI: Alhaji, lafiya jikinka yake rawa? Ko ta bayyana gare ka ne?

BAKANO: Ta bayyana, Malam, ga ta nan a rubuce, kuma bayan haraji al'adar ƙasar nan sai an ɗora tukwici wajen kashi 20 cikin ɗari. Sa hannu a aljihu mu raba.

BAZAZZAGI: Wallahi yanzu na ji wani hannu mai sanyi ya riga ni shiga aljihun nan, kuma bai kamata in yi jayayya da mai gida a gidansa ba. Mu haɗu a mota!

Ya tattare babbar riga ya yi waje da takalmi ɗaya. Bakano ya juya ga ma'aikacin.

BAKANO: Yallaɓai, tunda fatalwarku ce ta kori wanda ya ci faranti biyu, ina ganin adalci shi ne ku rubuta su a asusunta, ni kuma mu daidaita a kan nawa, amma ka yi mini ragi.