Bobby Orr: Gwiwa ta raba shi da fili, amana ta raba shi da dukiya

A ƙofar filin wasa na TD Garden da ke birnin Boston na Amurka akwai mutum-mutumin tagulla na wani saurayi yana shawagi a iska, hannuwansa a miƙe, sandarsa a sama. Saurayin shi ne Bobby Orr, ɗan wasan ƙwallon gora ta kan ƙanƙara, kuma abin da aka sassaƙa ya faru ne ranar 10 ga Mayu, 1970, daƙiƙa 40 da shiga ƙarin lokaci a wasan da ya bai wa ƙungiyar Boston Bruins Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, babbar gasar wannan wasa a Amurka da Kanada. Abokin wasansa Derek Sanderson ya turo masa ƙwallo daga bayan raga, ya zura ta, sai sandar Noel Picard na St. Louis Blues ta harɗe masa ƙafa, ya tashi sama yana murna tun kafin ya faɗi. Rabon Boston da wannan kofi tun 1941. Wannan hoton ne duniya ta riƙe, amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda mutumin da ya kai wannan matsayi ya ajiye wasa bayan shekara takwas kacal, bashi ya yi masa katutu.

Ƙwallon gora ta kan ƙanƙara wasa ne na mutum shida shida, har da mai tsaron raga, a kan takalma masu ƙarfe kamar kaifin wuƙa, ana kora wani ɗan faifan roba baƙi da sanda. Biyu daga cikin shidan masu tsaron baya ne, kuma kafin zuwan Orr aikin akasarinsu shi ne su tare, su ƙwace, su miƙa wa na gaba, su koma mazauninsu. Orr, wanda aka haifa a 1948 a garin Parry Sound na lardin Ontario a Kanada, kuma Boston ta ɗauke shi tun yana ɗan shekara 14, bai tsaya a wannan iyaka ba. Yakan ɗauko ƙwallo daga bayan ragarsu ya ratsa filin gaba ɗaya, in aka ƙwace kuma ya riga kowa dawowa gida. Sau takwas a jere, daga 1968 zuwa 1975, ya karɓi kyautar Norris ta gwarzon mai tsaron baya, sau uku a jere aka zaɓe shi gwarzon gasar NHL baki ɗaya. A kakar 1970 zuwa 1971 ya ci ƙwallo 37, ya taimaka aka ci 102. Har yau shi kaɗai ne mai tsaron baya da ya taɓa fin kowa maki a gasar, wato jimillar ƙwallayen da ya ci da waɗanda ya taimaka aka ci, kuma sau biyu ya yi hakan, a 1970 da 1975.

Wannan salon wasa yana da tsada, kuma gwiwarsa ta hagu ce ta biya. Mai kutsawa tsakanin ƙarti da gudu dole ya sha karo, likitocin wancan zamani kuma buɗe gwiwar suke yi su yanke guringuntsin da ya yage, har aka wayi gari ƙashi na gugar ƙashi. Tiyata ce ta hana shi buga karawar Kanada da Tarayyar Sobiyet a 1972. A kakar 1975 zuwa 1976 wasa 10 kawai ya iya bugawa. Duk da haka ya fita gasar Kofin Kanada ta 1976 da gwiwar da ke kumbura bayan kowane wasa, aka kuma zaɓe shi gwarzon gasar. Ban ɗora laifin wannan a kan kowa ba, domin iyakar ilimin likitanci na lokacin ke nan, kuma shi kansa ba mai yarda a zaunar da shi ba ne.

Inda nake ganin laifi ƙarara shi ne sha'anin Alan Eagleson, lauyan Toronto da ya zama wakilin Orr tun yana matashi. Adalci ne a faɗi alherinsa tukuna. A zamanin da masu ƙungiyoyi ke yanka wa ɗan wasa albashi yadda suka ga dama, Eagleson ya tsaya ya yi ciniki a 1966, ya samo wa yaro ɗan shekara 18 kuɗin da sabon shiga bai taɓa gani ba. A 1967 ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasan NHL na farko, a 1971 kuma ya ƙulla wa Orr kwantiragin dala miliyan ɗaya na shekara biyar, irinsa na farko a gasar. Ba abin mamaki ba ne Orr ya ɗauke shi tamkar yayansa, ya sakar masa kuɗinsa da harajinsa da duk wata takarda da ke buƙatar sa hannu.

Sai dai mutum ɗaya ne ke wakiltar ɗan wasa, shi ne shugaban ƙungiyar da ya kamata ta sa ido a kan wakilai, shi ne mai shirya gasannin ƙasa da ƙasa tare da masu ƙungiyoyi, kuma aminin Bill Wirtz ne, mai ƙungiyar Chicago. Wanda ya bai wa kura ajiyar nama, ya kuma naɗa ta alƙalin da za a kai wa ƙara in naman ya ɓata, wa zai tuhuma? Da kwantiragin Orr ya ƙare, Boston ta yi masa tayin da ya haɗa da mallakar sama da kashi 18 cikin ɗari na ƙungiyar. Orr ya ce Eagleson bai taɓa gaya masa ba, ya bar shi da tunanin cewa Boston ta gama cin moriyar ganga tana shirin ya da kwaurenta. Haka ya koma Chicago a 1976, ya buga wasa 26 cikin kaka uku, ya yi ritaya a 1978 yana da shekara 30. Da wani akanta mai zaman kansa ya duba littattafansa, sai aka tarar bashin da ake bin sa ya fi abin da ya mallaka.

Masu kare Eagleson suna cewa batun hannun jarin ya fito a jaridun Kanada a lokacin, don haka in Orr bai sani ba, sakacinsa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin baligi ba ya rasa alhakin dukiyarsa. Amma wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Ɗan wasan da ƙungiya ta ɗauka tun yana shekara 14, aka ce masa aikinsa shi ne atisaye da wasa, sauran a bar wa manya, an riga an horar da shi a kan kada ya yi tambaya. Kuma ba aikin jarida ba ne ta isar wa mutum tayin da aka yi masa, aikin wakilin da yake biya ne. Babban laifin yana wuyan gasar da masu ƙungiyoyinta, waɗanda suka ga mutum ɗaya ya riƙe ragama huɗu kusan shekara 25 suka yi gum, saboda shugaban ƙwadago mai sauƙin kai riba ce a gare su.

Abin takaici, ba hukumar gasar ce ta tona asirin ba. Russ Conway ne, ɗan jarida a Eagle-Tribune, wata ƙaramar jarida a jihar Massachusetts, ya shafe shekaru yana bin takardu da tsofaffin 'yan wasan da aka yi wa ƙwange a kuɗin inshorar rauni da na fansho. A Janairun 1998 Eagleson ya amsa laifin zamba a kotunan Boston da Toronto, aka yanke masa wata 18, ya yi shida a gidan yari, aka soke lasisinsa na lauya, aka karɓe lambar girmamawar da Kanada ta ba shi. Wata shida, a ganina, ya yi kaɗan ga mutumin da ya ci haƙƙin waɗanda suka nakasa a fili. Ko fitarsa daga zauren karrama gwarazan wasan sai da Orr da wasu tsofaffin taurari suka yi barazanar janye sunayensu kafin ya yi murabus.

Orr ya sake gina rayuwarsa da tallace-tallace da hulɗar kasuwanci, kuma shi ne ya ɗauki nauyin jinyar Sanderson, wanda ya turo masa waccan ƙwallo, lokacin da shaye-shaye ya durƙusar da shi. A 1996 shi ma ya shiga aikin wakilcin 'yan wasa, yana zama da yara masu tasowa da iyayensu a kan teburin ciniki, a kujerar da Eagleson ya taɓa zama dominsa.