Jarumar tatsuniya ba baƙuwa ba ce

Ana yawan cewa marubutan zamani masu sake fasalin tatsuniyoyin Turawa su ne suka ƙirƙiro jarumar da ke ceton kanta, wai a da yarinya sai dai ta zauna jiran yarima. Wannan zato ya dace da finafinan katun na Disney, irin su Snow White na 1937 da Cinderella na 1950, amma bai dace da dukan tatsuniyoyin ba.

A tarin labaran 'yan'uwan Grimm na Jamus, wanda ya fito a 1812, mayya ta kulle wani yaro mai suna Hansel tana turka shi don ya yi ƙiba ta cinye. Ƙanwarsa Gretel ce ta yi kamar ba ta iya shiga tanda ba. Da tsohuwar ta zura kai za ta nuna mata, sai ta ingiza ta ciki, ta ja sakata. A labarin Sarauniyar Ƙanƙara na 1844 kuwa, na marubucin Denmark Andersen, yarinya Gerda ce ta ratsa ƙanƙara ba takalmi har ta kuɓutar da abokinta mai suna Kai. Balle Shahrazad ta Dare Dubu da Ɗaya, wadda da bakinta kaɗai ta hana sarki yanka 'yan mata.

Abin da marubutan yanzu suka fi ƙarawa shi ne barin yarinyar ta ba da labarin da kanta, a ji abin da ke ranta.