Kifi duk kifi ne a wurinmu?

Ranar Asabar ɗin da ta wuce wani abokin aikina, Bature, ya ja ni su a nan Birmingham. Wurin wata hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu shekara fiye da 200 da suka wuce don jiragen dakon gawayi, an gina gefenta da jan bulo, ruwan baƙi-baƙi ko motsi ba ya yi. Tun da asuba muka isa, ana yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi. Ya zo da akwati mai ƙafafu da ake zama a kai, da ƙatuwar laima, da sandar fatsa uku, da roba cike da tsutsotsi masu rai, wasu har an rina su ja, waɗanda ya sayo a shago da kuɗinsa. Kafin mu fito sai da ya sa na sayi lasisin yini ɗaya ta waya, domin a Ingila duk wanda ya kai shekara 13 ba ya jefa ƙugiya a kogi ko tafki sai da lasisi.

Can wajen hantsi ya ciro wani ɗan kifi da bai fi ɗan yatsa ba. Sai na ga mutumin nan hannunsa na rawa. Ya jiƙa tafinsa, ya kwantar da kifin, ya baza ƙayar bayansa ya ƙirga, ya ɗauki hoto, ya rubuta a wani ɗan littafi, sannan ya mayar da shi ruwa a hankali kamar mai shimfiɗe jariri. Ya ce wannan shi ne iri na 214 da ya kama. Shi girma bai dame shi ba, iri yake nema. Duk hutun da ya samu sai ya tafi wata ƙasa, Nowe, Tailan, Japan inda ya sayo ƙugiyoyin da sai ka ƙura ido za ka gan su. Irin kifin duniya ya haura dubu 30, ya san ba zai ƙure su ba, amma bai fasa ba.

Abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Sai da na ce masa daga Sakkwato nake, kusa da Argungu. Ya ce ai ya ga bikin a intanet. "Amma wannan wawaso ne," in ji shi. "Ina jin a wurinku kifi duk kifi ne, in dai zai shiga tukunya."

Dariya yake yi, ba da mugunta ba. Ni dai maganar ta kwana da ni.

Kawuna masunci ne a Wamakko, tun yana yaro yake cikin Rima. Ba shi da littafi, ba shi da kyamara. Amma daga yadda ruwa ya motsa zai gaya maka tarwaɗa ce ko ragon ruwa. Ya san ramin da kurungu ke ɓuya, ya san yadda ake riƙe shi ƙayarsa ba ta soke ka ba. Minjirya ta taɓa girgiza ni ina ɗan shekara tara, hannuna ya mutu har kafaɗa, shi kuwa tun kafin homa ta fito ruwa yake gane tana ciki. Da rani, fadama ta bushe ta tsage, zai tsaya ya ce a haƙa nan, a ciro gaiwa tana kwance cikin laka da ranta. Wanda ya ɗauki hoton kifi na minti ɗaya ya sake shi, da wanda ya san abincinsa da makwancinsa da watan da yake zuba ƙwai, wa ya san kifi?

Argungun ma da ya kira wawaso, tun 1934 ake yinta, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara aka binne tsohuwar gabar Kabi da Sakkwato, kuma a 2016 Yunesko ta sa ta cikin al'adun duniya. Su mutanen Ingila suna alfahari da rufe kogunansu daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni. Mu kuwa kogin Matan Fada na Argungu ba a shigarsa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, kuma ba wanda ya koya mana wannan.

Gaskiya suna da abin da ba mu da shi: suna rubutawa, kuma ba sa kwashe ƙananan kifi da raga mai ƙananan ido kamar yadda wasunmu ke yi yanzu. Amma wanda ya ƙoshi ne ke mayar da kifi ruwa. Kawuna in ya sake, yara za su ci tuwo gaya.

Abin da ya fi ci mini rai ya biyo baya. Da ya ga na ɗau zafi, sai ya miƙo mini littafin ya ce in rubuta masa sunayen kifayenmu. Na rubuta giwan ruwa, karfasa, tsage, yauni, bargi, talibamban, da waɗancan na kawu. A na goma sha ɗaya biro ya tsaya. Shekara 14 rabona da zama gida. Ɗana da aka haifa a nan ya san sunan kifin magudanar nan da Turanci, bai taɓa jin kalmar kurungu ba.

Da daddare na kira kawu. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, mi za ka yi da sunan kihi can ƙasar sanyi?" Na ce Kawu, ka dai faɗo, ina rubutawa. Ya yi ta jero su, wasu ko a yarinta ban taɓa ji ba. Uku daga ciki ya ce ya daɗe bai gan su cikin Rima ba.