Ni da gadar sama ta Lekki

Ku tsaya da dariyar nan ku ji daga bakina, don bidiyon da ƙanin madam ya tura muku ina rarrafe a kan gadar nan ba daga farko ya ɗauka ba.

Shi ne fa ya matsa ran Lahadi sai mun je gandun dajin nan na Lekki, wanda ke wajen Chevron a titin Epe kafin ka kai Aja. Daga Agege muka taso, goslo ya ci rabin yini. Wurin fadama ce aka killace tun 1990, an shimfiɗa katako kana bi ta cikin itatuwa, ga birai ko'ina suna leƙa ledar mutane kamar 'yan kamasho.

Sai gadar, wadda aka rataya can sama cikin itatuwa ana bi da ƙafa. Mita 401, wai duk Afirka babu irinta mai tsawonta. Ni da na sha zama a kan lodin albasa tun daga Aliero har Mile 12, na ce wannan ai lilon yara ne, har na shige gaba. Taku goman farko lafiya lau. Can wasu samari suka hau a baya abin ya fara rawa, na yi kuskuren leƙa ƙasa, wallahi gwiwoyina suka ce mun sauka aiki. Na durƙusa, na damƙe ragar gefe hannu bibbiyu, ina son Ayatul Kursiyyu bakina yana ta kawo addu'ar shiga banɗaki. Gaba ta ƙi, baya kuma layi ya cika.

Amma wadda ta fi ƙona min rai wata mama ce a bayana, ta kai sa'ar Inna, da ɗaurin gwaggwaronta kamar za ta biki, ko ragar ba ta riƙe ba tana cin gugguru. Sai "aboki muf nau" take, wai jikarta 'yar firamare ta haye sau biyu. Wa ya tambaye ki? Kuma na ga takalminta, mai tsini ne, da tsini ta hau! Daga baya har da dafa min kai tana cewa fele fele.

Da rarrafe na kai mahaɗa ta gaba. Kilishin da ke aljihuna ban san inda ya yi ba, ƙanin madam ya ce biri ne, ni dai bakinsa na ga yana maiƙo.

Bakin tekun Lafiaji da aka shirya zuwa ma ba mu je ba, na ce kaina na ciwo. Burodi muka saya a Aja.